Ɗokin Ganin Gwani

 

Kusan duk mai sana'a yana da wani mutum da yake auna kansa da shi. Tela yana da wanda in ya ga ɗinkinsa sai ya juya rigar ya duba cikinta. Likita yana da farfesan da yake karanta rubutunsa tun yana ajin farko. Mai karatun allo yana da gwanin da ake ba da labarin tilawarsa a tsangayu. Sau da yawa mutum bai taɓa ganin wannan gwani nasa ba. Ya san sunansa, ya san aikinsa, wataƙila ya san hotonsa na bayan littafi, shi ke nan. Sai wata rana a ce masa ga dama ta samu, gwanin zai zo gari kaza ranar kaza, ko kuwa wani ya san wanda ya san shi. A nan ne za ka ga magidanci mai 'ya'ya, wanda aka sani da nutsuwa a wurin aiki, ya koma tamkar yaro a jajibirin sallah.

Wannan ɗoki mene ne shi? Abin yabo ne, ko kuwa rauni ne da ya kamata Musulmi ya nemi maganinsa? Tambayar ta fi kusa da mu mazauna ƙasashen waje, domin sunayen da muke gani a bangon littattafai lokacin da muke gida, a nan mutane ne masu ofis da lambar ɗaki, tafiyar awa biyu ko uku a jirgin ƙasa.

Ban ɗauko maganar daga nesa ba. Aikina injiniyancin wutar lantarki ne, ɓangaren da ke kula da daidaituwar manyan layukan da ke rarraba wuta a ƙasa. Tun ina jami'a a gida akwai wani littafi mai kauri da muke karatu da shi, wanda wani dattijon masani ya rubuta. Kwafi ɗaya ne a ɗakin karatu, saboda haka muka yi karo-karo aka ɗauko mana hotonsa a shagon bakin ƙofar makaranta, aka ɗaure da baƙin tef. Wasu zane-zanen sun dushe, sai da na bi su da fensir. Da shi na ci jarrabawa, da shi na zo Birtaniya karatun digiri na biyu, kuma har yau yana kan teburina duk da na sayi na asali. Marubucin yana raye, ya tsufa, ya yi ritaya, kuma shekara biyu ke nan ina ƙoƙarin ganinsa. An taɓa sa sunansa cikin masu jawabi a wani taro, na ɗauki hutu na yanki tikiti, ana saura kwana uku aka sanar cewa jikinsa ya motsa ba zai sami zuwa ba. Na rubuta masa wasiƙa ban sami amsa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Kwanan nan wani tsohon ɗalibinsa da aiki ya haɗa mu ya ce zai yi masa maganata in ya je gaishe shi. Tun ranar nake duba wayata fiye da yadda na saba, har mai ɗakina ta fara tambayata ko wani aiki na nema ban gaya mata ba. Cikin wannan jira ne na zauna ina tuhumar zuciyata.

Abin da ake tuhumar ɗoki da shi

Tuhumar tana da ƙarfi. Zuciyar mumini wuri ne mai tsada, kuma addininmu yana kishin abin da ake ajiyewa a cikinta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wanda babu ɗan Adam da ya cancanci girmamawa kamarsa, ya hana al'ummarsa wuce iyaka a yabonsa. In haka ne game da shi, ina ga masanin lissafi ko likitan tiyata? Mutum yakan fara da sha'awar aikin gwani, sannu a hankali ya koma sha'awar duk abin da ya fito daga bakinsa, har ra'ayinsa a kan abin da bai sani ba. Mun ga yadda ake tambayar attajiran fasaha na Amurka game da tarbiyyar yara da ma'anar rayuwa, don kawai sun gina kamfani ya yi kuɗi, a kuma riƙa yaɗa amsarsu kamar fatawar malami.

Akwai kuma wadda ta fi kusa da gida. Wani lokaci abin da muke kira son gwani, son kai ne ya ari rigarsa. Mutum yana so a gan shi tare da wane, ya ɗauki hoto kafaɗa da kafaɗa, ya ɗora a Facebook ko LinkedIn tun bai fita daga zauren ba, domin a can gida a ce lallai ɗan gidan wane ya kai. Duk wanda ya halarci manyan taruka ya san layin nan da ake yi bayan an gama jawabi: kowa da wayarsa a hannu, kaɗan ne suke da tambaya. Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne. Tsayawa kusa da wane kuwa, ko kamar ma ba ta bayarwa.

Sai kuma cizon yatsa. Larabawa suna da karin magana a kan wani mutum da ake kira Mu'aidi, cewa jin labarinsa ya fi ganinsa. An ce wani sarkin Hira ne ya daɗe yana jin labarinsa, da aka kawo shi gabansa sai idonsa ya raina shi. Wanda ya shekara goma yana gina mutum a cikin ransa, ya ba shi haƙurin da ba shi da shi da fara'ar da bai taɓa alkawarta wa kowa ba, ranar haɗuwa zai tarar da dattijo mai ciwon gwiwa da yake sauri kada jirgi ya bar shi. Daga nan sai ƙauna ta juye ta zama ƙorafi, a dawo ana cewa ashe mutumin girman kai gare shi. An zalunce shi sau biyu ke nan: an ɗaga shi inda bai nema ba, an kuma jefar da shi don bai zauna a can ba.

Al'ummar da ta san tafiya

Duk da haka ban yarda cewa maganin ɗoki shi ne a kashe shi ba. In Larabawa sun ce ji ya fi gani game da Mu'aidi, Bahaushe cewa ya yi gani ya kori ji, kuma tarihin ilimin Musulunci yana bayan Bahaushe a nan. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, sahabi ne da ya zauna da Manzon Allah shekaru, amma da ya ji cewa Abdullahi ɗan Unais yana da wani hadisi guda da shi bai ji ba, sai ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata ɗaya zuwa Sham. Dalilin da ya bayar da ya isa shi ne tsoron kada ɗayansu ya rasu kafin ya ji hadisin daga bakinsa. Wanda gwaninsa ya tsufa zai fahimci wannan tsoro ba sai an yi masa sharhi ba. Mu ma a ƙasarmu, wa ya ƙirga ƙafafun da suka nufi gabas neman Alƙur'ani don an ce akwai wani alaramma a can?

Me suke nema wanda takarda ba za ta kawo musu ba? Mahaifiyar Imamu Malik ta ba da amsar tun yana yaro. An ruwaito cewa ta sa masa tufafin ɗalibai ta naɗa masa rawani, ta aike shi wurin malaminsa Rabi'a, ta umarce shi ya fara koyon ladabin malamin kafin iliminsa. Littafi yana kawo maka sakamako a wanke, an share duk inda marubucin ya yi tuntuɓe. Ba ya nuna maka tsawon shirun da ya yi kafin ya amsa, ko yadda yake cewa bai sani ba a gaban jama'a. Shi kansa Malik an ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Wanda ya ga haka da idonsa ya koyi abin da zai tsare shi har ƙarshen rayuwarsa.

A sana'armu ma haka abin yake. Ƙaramin injiniya yana iya haddace duk ƙa'idojin tsaro, amma ranar da ya ga babba ya ƙi barin yaransa su taɓa layi sai da ya je da ƙafarsa ya tabbatar an kashe shi an kuma ɗaure shi da ƙasa, alhali takarda ta nuna an yi, ranar ce ƙa'idar ta shiga jikinsa. Ranar da ya ga babba ya ajiye biro ya ƙi sa hannu a zanen da kowa yake jira, ranar ce ya san nauyin sa hannu. Irin wannan ilimi daga jiki yake tafiya zuwa jiki, kuma mai ɗokin ganin gwani, in niyyarsa ta gyaru, shi yake nema.

Giwar Madina

To, ta yaya mutum zai gane irin ɗokin da ke ransa? Akwai wani labari da nake ganin ya isa ma'auni. Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ya taso daga Andalus har Madina don ya yi karatu a wurin Imamu Malik, ya kuma same shi a ƙarshen rayuwarsa, domin Malik ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira. Wata rana suna zaune a majalisi aka yi shelar cewa ga giwa ta shigo gari. Ɗalibai suka watse kallo, Yahaya ya zauna. Malik ya tambaye shi me ya hana shi zuwa, tunda babu giwa a ƙasarsu. Ya amsa cewa ya baro ƙasarsa ne don ya ga malamin ya koyi shiriyarsa da iliminsa, bai zo kallon giwa ba. Malik ya yi masa laƙabi da mai hankalin Andalus. Yau Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram ruwayar wannan Yahaya ce.

Abin lura shi ne shi ma malami ana iya mayar da shi giwa. Wanda ya yi tafiyar don ya ce ya ga Malik, da wanda ya fita don ya ce ya ga giwa, abu ɗaya suke nema: abin ba da labari. Bambancin Yahaya shi ne ya zo da buƙata da ba wanda zai biya ta sai malamin. Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina ita ce: in aka ce za a ba ni rabin awa da dattijon nan, amma da sharaɗin ba hoto, ba kuma wanda zai taɓa sanin mun haɗu, zan tafi da irin wannan zumuɗin? In amsar e ce, me zan tambaye shi?

Ina da tambaya, kuma ita ce ta kwantar mini da hankali game da ɗokina. An rubuta littafinsa a zamanin da ake samar da wuta da manyan injuna masu juyawa, irin na madatsar Kainji ko tashoshin kwal. Wutar layi a Birtaniya, haka ma a Nijeriya da Nijar, tana kaiwa da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma dole ne wannan bugu ya zauna kusa da 50. In wata tasha ta faɗi ba zato, nauyin waɗannan injuna yana riƙe bugun na ɗan lokaci, kamar yadda fankar sama take ci gaba da juyawa bayan an ɗauke wuta, har na'urorin gyara su farga. Yanzu kuwa hasken rana da yawancin injinan iska suna shiga layi ne ta inbata, wadda ba ta da wannan nauyi. Waɗanda suke nan ranar 9 ga Agusta 2019 za su tuna: tsawa ta faɗa kan wani layi, tashar iska ta Hornsea da tashar gas ta Little Barford suka fita kusan lokaci guda, bugun ya sauka zuwa 48.8, aka yanke wuta ga kimanin masu amfani miliyan ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya. Ina so in ji daga bakin mutumin da ya shafe rayuwarsa yana nazarin tsohon tsari, wane ɓangare na tunaninsa yake ganin zai tsira a sabon, musamman a ƙasashe irin namu masu dogayen layuka raunana da rana mai yawa. Littafin ba zai amsa mini ba, domin an rufe shi kafin tambayar ta girma.

Yaron da ya zo da littafi a hannu

A tarihin sana'ata akwai wanda ya yi wannan tafiya ya ga daɗinta da ɗacinta duka, wato Michael Faraday. An haife shi a 1791, ɗan maƙeri ne matalauci, bai yi makaranta mai zurfi ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗaurin littattafai a shagon George Riebau a Landan, ya yi shekara bakwai yana ɗinka takardun wasu yana karanta abin da ya faɗo hannunsa. A lokacin Humphry Davy ne tauraron kimiyya a Ingila. Shi ne ya fara ware sinadaran sodiyam da fotasiyam da ƙarfin lantarki a 1807, kuma manyan gari suna cika zauren cibiyar Royal Institution don sauraron laccarsa. A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba Faraday tikitin laccoci huɗu na Davy. Ya je ya zauna ya rubuta abin da ya ji, ya koma ya sake tsara shi da kyakkyawan rubutu da zanen na'urori, ya ɗaure shi da hannunsa ya zama littafi mai aƙalla shafi 300.

Ya fara rubuta wa Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, yana neman kowane irin aiki, ba a amsa masa ba. Sai ya aika wa Davy littafin tare da wasiƙa. Davy ya amsa, ya gana da shi, har ya ba shi shawarar ya riƙe sana'arsa domin kimiyya ba ta cika ciyar da mai ita ba. Amma a watan Maris na 1813, da aka sallami wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, aka ɗauki Faraday a gurbinsa. Ɗaruruwan mutane sun saurari waɗannan laccoci, kuma babu shakka da yawansu sun so gaisawa da Davy. Wanda ya zo da shaidar cewa ya saurara da gaske shi aka buɗe wa ƙofa. Ladabin neman ganin babba ke nan: lokacinsa kake roƙo, wanda shi ne abin da ya fi ƙaranci a hannunsa, saboda haka ka fara biyan naka lokacin kafin ka nemi nasa.

Da labarin ya tsaya nan da ya yi daɗin bayarwa. A watan Oktoba na 1813 Davy da matarsa suka tafi rangadin Turai na shekara ɗaya da rabi, suka tafi da Faraday. Baran Davy ya ƙi bin su, sai aka ɗora wa Faraday aikin bara a kan na mataimaki, uwargidan kuma ta riƙa mu'amala da shi a matsayin bara, har cin abinci tare da barori. A wannan tafiyar ce kuma ya ga Ampere a Faransa da Volta a Italiya, mutanen da sunayensu suke kan ma'aunan wuta a yau. A 1821 ya nuna cewa waya mai ɗauke da wuta tana iya zagaya maganaɗisu, wanda shi ne tushen motar lantarki, sai aka zarge shi da ɗaukar tunanin wani masani mai suna Wollaston, abokin Davy. Da aka gabatar da sunansa don zama ɗan Royal Society, Davy, wanda a lokacin shi ne shugaba, ya yi adawa. An zaɓe shi duk da haka a 1824. Davy ya rasu a 1829, kuma a 1831 Faraday ya naɗa wayoyi biyu a zoben ƙarfe ya gano yadda canjin wuta a ɗaya yake haifar da wuta a ɗayar. Duk taransifomar da ke bakin unguwa jikar wannan zobe ce.

Mutum ɗaya ne ya buɗe masa ƙofa, shi ne kuma ya so tare masa ita. Da Faraday ya je ne neman mutum marar aibi, da ya koma shagon littattafai da baƙin ciki tun daga Faransa. Abin da ya je nema shi ne yadda ake yi wa halitta tambaya a ɗakin gwaji, kuma wannan ya same shi cikakke, kishin Davy bai rage masa komai ba. Gwani ɗan Adam ne. Yana iya zama teku a fanninsa, ya kuma zama ɗan ƙaramin tafki a halinsa. Wanda ya san haka tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tsare zuciyarsa, ya kuma yi wa gwanin adalci.

Girmamawa da 'yanci

Muna da misali mafi tsabta a gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma bai gushe ba yana ambaton falalarsa a kansa. Da malamin zai wuce aikin hajji, Shehu ya koma gida saboda mahaifinsa bai ba shi iznin tafiyar ba. Daga baya kuma, da ya ga malamin ya tsananta a mas'alar kafirta masu manyan zunubai, ya saɓa masa a rubuce, cikin ladabi, ba tare da ya zubar da darajarsa ba. Ƙaunar malami ba ta sa ya tsallake haƙƙin mahaifi ba, ba ta kuma sa ya miƙa hankalinsa ba. Ɗalibin da ba zai iya saɓa wa gwaninsa da hujja ba bai gama koyo daga gare shi ba, domin shi ma gwanin da saɓa wa na gabansa ya zama gwani.

Wannan ya kawo ni ga abin da na san yana damun wasu 'yan uwa a nan: yawancin gwanayen fannoninmu ba Musulmi ba ne, wasu ma ba su yarda da Mahalicci ba. Shin ya dace zuciya ta yi ɗokin ganinsu? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya a tafiyar hijira alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Bayan yaƙin Badar, wasu fursunoni sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Ana karɓar ƙwarewa daga mai ita, a girmama shi gwargwadonta, a gode masa, a yi masa fatan shiriya. Abin koyi a sana'a suna da yawa kuma kowanne yana da iyakarsa; abin koyi a rayuwa gaba ɗaya, wanda ake bi a sallah da ciniki da zaman iyali, guda ɗaya ne. In wannan iyaka ta tsaya a zuciya, ɗokin ganin masani ba ya cutarwa.

In haɗuwar ba ta yiwu ba

Mai yiwuwa kuma ba za a haɗu ba. Abu Abdullahi Assunabihi ya taso daga Yaman yana nufin Manzon Allah, da suka iso Juhfa suka gamu da wani mahayi ya ba su labarin cewa kwana biyar ke nan da binne shi. Uwaisul Ƙarni ya rayu a zamanin Manzon Allah amma bai gan shi ba. Yana Yaman yana hidimar mahaifiyarsa. Sai ga shi Manzon Allah da kansa ya ba sahabbai labarinsa, ya ce wanda ya gamu da shi ya nemi ya roƙa masa gafara. Sayyidina Umar, yana halifa, ya riƙa tambayar ayarin mutanen Yaman ko Uwaisu yana cikinsu, har ya same shi. Da ya ji Kufa ya nufa, ya so ya rubuta wa gwamnan garin takarda a kansa, Uwaisu ya zaɓi ya zauna cikin talakawa inda ba a san shi ba. Wanda bai sami zuwa ba saboda ya tsaya kan wajibinsa, shi ne manya suka koma nema.

Saboda haka ɗokin da zai sa mutum ya ci bashi don tikitin taro alhali kuɗin makarantar ƙaninsa na jira, ko ya matsa wa dattijo marar lafiya da saƙonni, ya fita daga ladabi. Ana nema da kyakkyawar hanya, sau ɗaya ko sau biyu, sannan a bar wa Allah. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka nan ganin gwani ba gwaninta ba ce. Mutane da yawa sun yi shekaru a ofis ɗaya da manyan masana ba su ɗauki komai ba, wani kuma yana can nesa da kwafin da ya dushe ya gaji tunaninsu.

Mu ma ana hangenmu

Akwai abin da ba mu cika tunawa ba. Yayin da muke ɗaga kai muna hangen na gaba, a Kano da Maraɗi da Kumasi da Garwa akwai yara da suke hangenmu. A wurinsu, ɗan unguwarsu da ya zama injiniya ko likita ko malamin jami'a a ƙasar waje shi ne sunan da ke bangon littafi. Suna rubuto mana saƙo da Turancin da suka gyara sau biyar kafin su aika, suna tambayar yadda ake neman tallafin karatu, ko wane fanni ya kamata su zaɓa. Zuciyarsu tana bugawa kamar yadda tamu take bugawa. Saƙonni nawa irin waɗannan ne suke kwance a wayoyinmu, an buɗe ba a amsa ba? A labarin Faraday kowa yana so ya zama Faraday, amma yawancinmu yanzu a kujerar wanda aka rubuto wa muke zaune, kuma zaɓin da ke gabanmu shi ne na Banks da ya yi shiru ko na Davy da ya amsa.

Shi Faraday bai manta ba. Cibiyar da ta ɗauke shi ta fara laccocin ƙarshen shekara don yara a 1825, kuma shi da kansa ya gabatar da su sau 19, yana tsaye a zauren da ya taɓa zama yana rubutu a matsayin yaron shago. Mafi girma daga wannan, an ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, jikinsa yana rawa don kwarjini, sai ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa shi ba sarki ba ne, ɗan wata mata ce mai cin busasshen nama. Haka ake karɓar mai ɗoki: a sauko masa, a rage masa nauyin da ya ɗauko.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu mayar da wannan aiki tsari. Kowane mai sana'a a cikinmu ya ware awa ɗaya a wata don ɗalibai, na nan da na gida, a tattara sunaye da fannoni a wurin sakatare, a kuma gaya wa ɗaliban sharaɗi ɗaya: kowa ya zo da tambayarsa a rubuce, da abin da ya riga ya karanta a kanta. Da haka za mu koya musu ladabin Yahaya da na yaron nan mai ɗaurin littafi tun kafin su je ƙofar waɗanda suka fi mu.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, waɗanda muka gani da waɗanda muka sani ta rubutunsu kawai. Ya tsarkake niyyarmu, Ya sa iliminmu ya amfani al'umma, Ya kuma haɗa mu da Wanda zukata suka fi ɗokin gani a gidan aminci.